Ƙafar da Ta Shiga Gasa

Ranar da aka fitar da sunayen waɗanda za su fafata a gasar fina-finai ta shekara, Gwaggo tana zaune a ɗakinta na can ƙuryar gida, ta miƙe ƙafar hagu a kan bokitin da aka kife, tana korar ƙuda da yankin kwali. Sai ta ji ihu daga falo, irin wanda ake yi idan an aiko da saƙon mutuwa. Ta lalubo sandarta, ta dafa bango, ta ja ƙafar nan mai nauyi har bakin ƙofar falo tana salati.

Ba wanda ya mutu. Darakta ne, ɗan ƙanenta da ta raina tun yana tsumman goyo, yake tsaye a tsakiyar falo da waya a hannu, jijiyar wuyansa ta miƙe. Shirinsa mai dogon zango, wanda aka shafe watanni ana kallo a talabijin, bai shiga sahun gwarzon shiri ba. Shi kansa bai shiga sahun masu ba da umarni ba. Jarumarsa ba ta shiga ba, mai ɗaukar hotonsa bai shiga ba, ko wanda ya rera waƙar buɗe shirin ba a tuna da shi ba. Wuri ɗaya tak sunan gidan ya fito, can ƙasan jerin, a sahun masu kwalliya. Matarsa ce, wadda kowa a harkar fim yake kira Anti.

Anti tana zaune a hannun kujera ta rasa fuskar da za ta ɗaura, ta murna ko ta jaje. Sai ta haɗa biyun, abin ya fito kamar na mai ciwon haƙori. A wayarta kuwa, kusa da sunanta, masu gasar sun saka hoton aikin da ya kai ta wannan matsayi. Hoton ƙafa ne, an kwance tsumma daga kanta, ciwo ya buɗe baki a saman idon sawu. Ƙafar da Gwaggo take tsaye a kanta yanzu ce, tana rawa.

Ba kwalliya ba ce, kowa a gidan ya sani. Gwaggo tana da ciwon suga, wata ƙusa ta karce ta, wurin ya ƙi warkewa. A lokacin Darakta yana neman tsohuwar da za ta fito a matsayin uwar da 'ya'yanta suka yasar, sai ya dubi ƙafar ya ce ga abu Allah ya kawo har gida, me za a yi da fenti. Ta yi dariya ta yarda, don ba ta taɓa iya ce masa a'a ba. Daga nan ta koyi wata kalma ta masu fim, kwantiniti, wato yadda aka gan ka a fitowar jiya haka za a gan ka a ta gobe. Ba a sauya zane, ba a sauya tsumma, ba a kuma son ciwo ya kama hanyar warkewa alhali labari bai kai nan ba. Asibiti sai an gama ɗauka. Da aka gama ɗauka, sai an gama haɗawa. Da aka gama haɗawa, sai an gama nunawa. A wannan makon ne dai aka yi mata alkawari na ƙarshe.

Ta bari Darakta ya numfasa daga zagin alƙalan gasa, sannan ta kira shi da sunan da take kiransa, don sunan mahaifinta gare shi.

"Babana, to gobe asibitin yana nan ko?"

Ya juyo ya dube ta kamar ta yi tusa a masallaci.

"Haba Gwaggo, ana ga yaƙi kina ga ƙura. An yi mini fashi da rana tsaka, ke kuma kina maganar asibiti. Ki je ki kwanta, za mu yi magana."

Washegari ba shi ya zo ba, Anti ce. Abin mamaki, don rabon da ta taka ɗakin tun ranar da aka kwashe fitilun ɗaukar hoto. Ta shigo da shayi mai kauri da burodi, ta manta ko ta yi kamar ta manta cewa mai suga ba ta shan irin wannan. Ta tsuguna nesa kaɗan da ƙafar, ta yi gaisuwar surukai da lanƙwasa murya, an tashi lafiya, ya ƙarfin jiki. Sannan ta warware abin da ya kawo ta. Dokar gasa ta ce dole kwalliya ta zama aikin hannu. Idan aka gano ciwon na gaske ne, za a cire sunanta, a hana kamfaninsu shiga gasa, a yi da su a duniya. Gwaggo kuma yanzu ba ɓoyayya ba ce, duk wanda yake da talabijin ya san fuskarta. Ma'aikatan asibiti su ne kan gaba wajen kallon shirin. Mutum ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, shi ke nan an gama da su.

"A daure mana zuwa ranar bikin, Gwaggo. 'Yan makonni ne. Da an sauko daga dandamali, wallahi ko gida ba za mu biyo ba sai da motar asibiti."

Gwaggo ta dubi ƙafar, ta dubi yarinyar. Ta so ta ce ciwo ba ya jiran biki. Amma ta tuna yadda jijiyar wuyan yaron ta miƙe jiya, ta ji tausayinsa ya rufe ta, ta ce Allah ya kai mu. Irin wannan tausayin ne yake kashe tsofaffi a gidajen 'ya'yan da suka raina, ba a kuma rubuta shi a takardar likita.

Maimakon asibiti aka kawo mai kemis na bakin titi, mutum mai fara'a da yawan magana. Ranar farko da ya kwance tsummar, fara'ar ta gudu. Ya wanke da ruwan gishiri, ya shafa abin da zai shafa, ya naɗe, sannan ya ja Darakta tsakar gida. Gwaggo tana jin su ta taga. Ya ce gaskiya wannan ya fi ƙarfinsa, naman ya fara sauya launi, mai suga ba a wasa da ƙafarsa. Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce ya daɗe yana lura da shi, yana da fuskar fim, kuma a zango na biyu akwai gurbin wani babban likita da ake nema. Da mai kemis ya dawo ɗaukar jakarsa, sai ya ce wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, ya ga waɗanda suka fi wannan sun warke. Tun daga ranar, in ya zo wanki, har wani gyara tsayuwa yake yana magana da muryar likitocin talabijin.

Shi kuwa Darakta ya ɗaura yaƙi. Kullum da safe sai ya jingina waya a jikin tulun fulawa, ya zauna a ƙarƙashin hoton shirinsa, ya yi wa duniya jawabi. Ya ce gasar ta 'yan uwa da abokan arziki ce. Ya ce alƙalan ko rabin shirinsa ba su kalla ba. Ya ce shi ba don kansa yake magana ba, don marasa gata yake yi, domin shirinsa ne kaɗai ya tsaya wa iyayen da aka wulaƙanta. Wannan jimlar yana son ta ƙwarai, yakan maimaita ta har muryarsa ta yi rawa, in ba ta yi rawar da kyau ba ya goge ya sake.

Falo ya zama majalisar waɗanda aka tsallake. Jarumar shirin takan zo da baƙin tabarau, wai idonta ya kumbura don kuka. Akwai wani ɗan wasan barkwanci da ya ce shekara da shekaru yana sa mutane dariya ba a taɓa ba shi ko cokali ba. Akwai mawaƙi, akwai marubuci, akwai waɗanda ba su yi fim ɗin komai ba a shekarar amma su ma ransu ya ɓaci. Su ci, su sha, su tsine wa alƙalai, su karanta wa juna abin da masoya suka rubuta a waya. Kowa a cikinsu an zalunce shi, kowa kuma zaluncinsa ya fi na ɗan'uwansa.

Saboda baƙin nan aka roƙi Gwaggo ta daina fitowa. Aka rufe ƙofar da ta raba falo da lungun ɗakinta, aka tura tsumma a ƙarƙashinta, aka kunna turaren wuta a falo tun daga safe har yamma. Jarumar ta taɓa yaba ƙamshin, ta tambayi Anti inda take saye. Banɗaki yana ɗaya gefen gidan, sai an ratsa ta gaban tagar falo, don haka aka ajiye wa Gwaggo fo a bayan ƙofa. Matar da ta yi rayuwarta ba ta yarda ko kwanon da ta ci abinci ya kwana ba a wanke ba, ita ce yanzu take zaune da kashinta a ɗaki ɗaya tana jiran baƙi su watse.

Wata rana 'yan jarida suka zo da kyamara don hira da Anti. Aka yi hirar a tsakar gida saboda haske, taku kaɗan daga tagar Gwaggo, wadda aka saya da labule. Anti ta baje kwalabe da burushi a kan tebur. Ta yi bayani dalla-dalla yadda take haɗa gam da auduga da jan launi da ɗan baƙi, yadda take shafe awanni kafin ciwon ya zauna, yadda ta yi bincike a littattafan likitoci. Ƙarya ta zauna a bakinta daram, ko tuntuɓe babu. Da mai hirar ta nemi a fito da tsohuwar su gaisa, masu kallo suna ƙaunarta, sai Anti ta yi murmushi ta ce ai Gwaggo ta tafi ƙauye hutawa, lafiyarta ƙalau, har ta fi su ƙarfi.

Gwaggo tana kwance tana ji, zazzaɓi yana kaɗa ta. Tari ya taso mata. Ta danna fuska cikin filo ta haɗiye shi, don kada ta kunyata yaron.

Hirar nan ta yanke mata igiya ta ƙarshe. Maƙwabciyarsu, Maman 'Yan Biyu, ta saba in ta fito shanya ta ɗaga murya ta kan katanga ta gaishe ta, wani lokaci ta miƙo mata ɗan abin taɓawa. Ta ga hirar a talabijin, ta yarda Gwaggo ta yi tafiya, har ta ji haushin ba a yi mata sallama ba. Gaisuwar kan katanga ta ɗauke.

Ana cikin haka hayaniyar su Darakta ta yi tasiri. Masu shirya gasa suka fitar da sanarwa cewa sun ji koke-koken jama'a, za su sake duba jerin sunayen, don haka an ɗage bikin sai wata mai zuwa. Falo ya kaure da shewa. Aka ɗaga Darakta sama, aka kira shi muryar marasa murya, aka aika a sayo lemo. Ba wanda ya lissafa abin da wata guda yake nufi a ƙuryar gidan.

A lokacin yatsun ƙafar biyu sun yi baƙi kamar gawayi. Kumburi ya haura ƙwauri, fatar ta yi sheƙi, in ta danna da yatsa wurin sai ya lotsa ya ƙi dawowa. Warin kuwa ita kanta ta daina saba masa. Da yamma, bayan baƙi sun tafi, ta yi ta kiran Babana har ya zo. Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, ya ce mura ke damunsa.

Ta ce masa ta gaji. Ta ce ya kai ta ko wane asibiti ne, ko a wani gari, ta rufe fuska da mayafi, ba za ta faɗi sunanta ba. Ya ce muryarta ma an sani. Ta ce to ba za ta yi magana ba. Ya ce ƙafar ai ita ce aka fi sani, hotonta yana kowace waya. Daga nan ya shiga jero dalilai, kuma Allah ya ba shi baki. Don wa yake wannan wahalar in ba don ita ba? In Anti ta ɗauko kambun nan, masu kuɗi za su yi layi a ƙofar gidan, ya kai ta asibitin da ake kwana ɗaki ɗaya mutum ɗaya, ba inda za a shimfiɗa ta a baranda ba. Ba ita ce take cewa Allah ya nuna mata ranar da zai zama wani abu ba? To ga ranar ta zo bakin ƙofa, sai ita ce za ta kore ta? Ciwo da sauƙi ai duk na Allah ne, asibiti ba ya hana abin da aka rubuta.

"Babana, yatsun nan fa na daina jin su."

"To alhamdu lillahi. Sauƙi ke nan, Gwaggo, zafin ya fara sauka."

Ya faɗa da zuciya ɗaya, har da ɗan murmushi ta bayan hankici, ya ja mata ƙofa. A ranar ne karo na farko Gwaggo ta ji wani abu game da yaron nan wanda ba tausayi ba ne. Ƙyama ce. Ta tsorata da ita, ta yi istigfari, amma ƙyamar ba ta tafi ba.

Da aka fitar da sabon jerin sunayen, an ƙara mutum biyu, babu Darakta a ciki. Majalisar falo ta rage, don ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙara ɗan wasan barkwancin nan ne, kuma tun a ranar ya gano cewa alƙalan mutanen kirki ne. Darakta ya kwana biyu ba ya cin abinci, Anti tana bin sa da faranti tana lallashi. A kwana biyun nan ba wanda ya tuna ya zubar da fo. Mai kemis ma ya ɗauke ƙafa. Ya aiko cewa ya yi tafiya, alhali Gwaggo tana jin muryarsa a bakin titi yana ciniki.

Ranar bikin ta zo. Tun hantsi gidan yake ƙamshi, tela ya kawo ɗinki iri ɗaya na mata da miji, Anti tana gwada jawabin godiya a gaban madubi. Akwai wurin da za ta ambaci Gwaggo ta ɗan share hawaye, ta yi ta maimaita shi don kada kwalliyar idonta ta ɓaci. Da la'asar suka leƙo. Suka ajiye mata fulas ɗin shayi, suka ce ta yi musu addu'a, gobe war haka tana gadon asibiti. Ta ji tashin mota, ta ji an ja ƙofar gida, ta ji ƙarar kwaɗo daga waje.

Ta kwanta tana kallon silin, jikinta yana ɓari, ɗakin yana juya mata. Ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta dai san in ta jira goben nan, likkafani za a kawo mata. Tsayuwa ta gagara, sai ta sauko ƙasa ta ja gindi, tana tura sanda a gaba, tana jan ƙafar a baya kamar kayan wani. Ta ratsa lungu, ta fito tsakar gida inda rabonta da shi tun kafin a ɗage biki. Ta kai jikin katanga, ta ɗaga sanda ta shiga dukan tankin ruwan maƙwabta da ya leƙo ta sama. Ta daka, ta huta, ta sake dakawa.

Maman 'Yan Biyu ta hau kan durom ta leƙo da niyyar zagin yaran unguwa. Abin da ta gani ya sa ta kusa faɗowa. Ba ta tsaya tambaya ba. Mijinta mai walda ne, ya zo da abin yankan ƙarfe ya datse kwaɗon, aka tsayar da motar haya. Direban ya sauke gilasai duka huɗu saboda warin.

A asibiti aka yi abin da Anti ta ji tsoro, amma ba yadda ta zata ba. Wata nas ta gane fuskar, ta yi tsalle ta kira 'yan uwanta, ga Mama ta cikin shirin nan, har ta ciro waya za su yi hoto. Sai aka kwance tsummar. Wayar ta koma aljihu, ɗaya daga cikinsu ta fita da gudu ta toshe baki. Likita ya zo ya duba, ya latsa nan ya latsa can, ya tambayi tun yaushe. Ya ce da an kawo ta makonnin baya, da yatsu kawai za a cire, watakila ma ba za a cire komai ba. Yanzu kam ko ƙafa ko rai, kuma ba za a kai safe ba. Ya tambayi wane marar imani ne ya bar ta haka. Maman 'Yan Biyu ta buɗe baki, Gwaggo ta riƙe mata hannu ta ce ita ce ta yi sakaci. Ko a bakin kabari tana rufa masa asiri, abin haushi, kuma ba wanda ya roƙe ta.

Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Ba su zo ba sai washegari da rana. Gwaggo ta farfaɗo, tana kwance a ɗakin mata mai gadaje da yawa, zanen asibiti ya rufe ta, ya tashi a dama ya kwanta shafal a hagu. Darakta ya shigo Anti tana biye, idanunsu jajur. Ta ɗauka kukanta suka yi, har zuciyarta ta fara laushi. Ya tsaya a kan gadon ya dubi inda zanen ya kwanta, ya yi salati, ya share ido, ya ce sannu Gwaggo, Allah ya sa kaffara ce. Wannan bai ɗauke shi minti guda ba. Sannan ya ja kujera ya zauna, ya ce ai ba ta san abin da aka yi musu jiya ba.

Anti ba ta ci ba. An ba wani yaro da ya zana tabon ƙuna a fuskar wani jarumi. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya hana su barci shi ne, bayan an tashi, wani daga cikin alƙalan ya yi hira da 'yan jarida, aka tambaye shi me ya kayar da Anti. Ya ce aikin ya yi kyau amma an zuzuta, an cika launi, duk wanda ya san ciwo ya san na gaske ba ya yin haka.

"Wai bai yi kama da na gaske ba," in ji Anti, muryarta tana rawa, wannan karon ba gwaji. "A ji fa, Gwaggo. Duk wahalar da muka sha."

Muka sha. Matar gadon kusa, wadda aka yi wa aiki a ciki, ta juyo da ƙyar ta dube su, ta mayar da kai.

Akwai irin mutanen da ba su taɓa ganin kansu a cikin masu laifi ba, don kullum suna da wani babban zalunci da aka yi musu wanda ya rufe musu ido. Za su yi shirin da zai sa gari kuka a kan uwar da aka yasar, su dawo gida su tura tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada warin tasu uwar ya dami baƙi. Ba mugaye suke ganin kansu ba. In ka tambaye su, su ne aka cuta, kuma suna da hujja a waya.

Darakta ya matso da kujera. Ya ce ya kwana yana tunani, ya samo yadda zai tona wa alƙalan nan asiri, ya nuna wa duniya jahilcinsu. Tunda dai an riga an faɗi, ba sauran abin ɓoyewa. Za a gaya wa kowa ciwon na gaske ne. Asirin da aka kulle ta a ɗaki saboda shi, aka sa ta haɗiye tari, aka bar ƙafarta ta ruɓe, shi ne yanzu zai watsar a titi don ya huce haushi. Ya ciro waya, ya dubi taga ya ga ta inda haske yake shigowa, ya ce Anti ta ɗan ja labule.

"Gwaggo, ɗan yaye zanen kaɗan. Ki dubi nan, ki ce ga abin da suka ce fenti ne. In hawaye ya zo kada ki riƙe."

Ta dube shi. Ta nemi yaron da ta goya a fuskar nan, ba ta same shi ba. Ta sa hannu biyu ta danne zanen a kan cinyarta.

"Ni ban taɓa iya fim ba," ta ce. "'Yar wasan taku ƙafar ce, kuma tun jiya aka fita da ita a leda. Ka je ka tambayi likita inda suka kai ta."

Ta juya fuska ga bango. Masu jinya suka bar abin da suke yi. Maman 'Yan Biyu, da ta shigo da ruwan zafi, ta tsaya da fulas a hannu tana jira ta ga kunya ta kama shi.

Darakta ya juya wayar a hannu. Sannan ya miƙe ya fita baranda, suka ji yana tambayar wata nas ina ne ofishin likitan.